Kiɗan Da Ya Ƙi Mutuwa Tare Da Silima

A ran 15 ga watan Fabrairu na shekarar 1947 jama'a suka hallara a zauren kiɗa na birnin St. Louis, a ƙasar Amurka, domin su saurari wani sabon kiɗa da Erich Wolfgang Korngold ya tsara. Wanda ya riƙe goge a gaban taron makaɗa a wannan dare shi ne Jascha Heifetz, mutumin da a zamaninsa ba a ambaton sunan kowa a gaban nasa wajen goge irin na Turawa, watau biyolin. Da aka ƙare, masu sauraro suka yi ta tafi har suka gaji. Bayan 'yan makonni aka kai kiɗan zauren Carnegie da ke birnin Niyok, a can ne fa labari ya sha bamban, domin masu sharhi na jaridu yatsine fuska suka yi. Ɗaya daga cikinsu, Irving Kolodin na jaridar New York Sun, ya raba sunan Korngold gida biyu ya yi masa ba'a da shi. Rabin farko na sunan ya yi daidai da kalmar Ingilishi ta masara, wadda Amurkawa kan laƙaba wa abin da ya cika zaƙi amma ba shi da daraja, rabi na biyu kuwa zinariya ke nan. Sai ya ce masarar ta fi zinariyar yawa. Wannan 'yar magana ta yi shekaru da yawa tana bin kiɗan duk inda aka kai shi.

Laifin da aka kama Korngold da shi a bayyane yake, shi kansa ma bai ɓoye ba. Kowane babban kari da ya gina kiɗan a kansa, watau 'yar muryar nan da mai sauraro kan tafi gida yana rerawa a ransa, an riga an ji shi a gidajen silima. Karin da ya buɗe da shi daga fim ɗin Another Dawn na 1937 ya fito, na biyu daga Juarez na 1939. Kashi na tsakiya mai sanyi ya samo asali daga Anthony Adverse na 1936, kashin ƙarshe mai sauri kuma daga The Prince and the Pauper na 1937. A ganin masu sharhi, mutumin ya ɗauko tuwon jiya ne ya ɗumama, ya zuba shi a akushin sarauta.

Kafin a yanke hukunci a kan wannan zargi, ya kamata mai karatu ya san yadda sana'ar take a ƙasashen Turai da Amurka. Mai tsara kiɗa a can ba lalle ba ne ya taɓa ganga ko goge a gaban jama'a. Aikinsa shi ne ya zauna ya rubuta sauti a takarda da wasu alamomi, ya ware wa kowane makaɗi nasa rabon, sa'an nan ƙungiyar makaɗa, wadda takan kai mutum 80 ko 100, ta karanta ta kaɗa a ƙarƙashin madugu guda mai riƙe da 'yar sanda. Mafi daraja a cikin irin waɗannan ayyuka shi ne simfoni, dogon kiɗa mai kashi huɗu galibi, wanda kan ɗauki rabin sa'a ko ma sa'a guda. Akwai kuma kwanceto, inda makaɗi ɗaya kan tsaya a gaba yana jan ragama, ƙungiya tana karɓa masa kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Irin wannan ne Korngold ya rubuta wa biyolin. A zauren kiɗa ba hoto, ba labari, ba 'yan wasa. Mutane sukan zauna shiru su saurara kawai, sauti shi kaɗai ne zai riƙe hankalinsu.

KIƊAN SILIMA NA WA NE?

Kiɗan silima kuwa bara ne a gidan wani. Ana rubuta shi gutsure-gutsure, wani rabin minti, wani minti biyu ko uku, gwargwadon tsawon abin da ake nunawa. In jarumi ya buɗe baki dole kiɗa ya yi ƙasa, in aka harba bindiga ko dawaki suka yi sukuwa sai ƙararsu ta binne shi. In mai shirya fim ya ga dama ya yanke wani wuri, kiɗan wurin ya tafi ke nan, ko da kuwa nan ne mai tsarawa ya zuba basirarsa duka. A zamanin da ake magana kuma babu bidiyo, balle intanet. Fim yakan yi 'yan makonni a gidajen silima, sa'an nan a naɗe shi a ajiye, kiɗan da ke cikinsa ya bi shi ɗakin ajiya.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne maganar mallaka. A Holiwud mai tsara kiɗa ma'aikaci ne kamar kafinta ko mai ɗaukar hoto, abin da ya rubuta a bakin aiki na kamfani ne. Yadda kamfanoni suka ɗauki wannan dukiya kuwa ya fito fili a ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da kamfanin MGM, don neman rage kashe kuɗi, ya kwashe tarin takardun kiɗan finafinansa ya zubar a juji. Shekaru da yawa bayan haka, da wani madugun makaɗa na Ingila mai suna John Wilson ya so ya kaɗa waɗannan kiɗe-kiɗe a bainar jama'a, sai da ya zauna yana sauraron tsofaffin finafinai yana sake rubuta sautin da kunne, kafin ya gabatar da su a Landan a 2009. Saboda haka mai tsara kiɗan da ya ɗauko kari daga fim ya mai da shi simfoni ko kwanceto, sau da yawa fitar da kayansa yake yi daga gidan da ya san wata rana zai rushe.

Maimaita aikin kai kuma ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a. Bach da Handel, waɗanda Turawa ke ɗauka kakannin kiɗansu, sun sha ɗauko tsohon aikinsu su yi masa sabuwar riga. Rossini na Italiya ya yi amfani da mabuɗin kiɗa guda a wasanni uku, a 1813 da 1815 da 1816, na ƙarshen shi ne shahararren wasansa na wanzamin birnin Seville, ba wanda ya kore shi daga sahun manya saboda haka. Ashe ke nan abin da ya ɓata wa masu sharhi rai a 1947 shi ne gidan da kiɗan ya fito. A idonsu silima wurin nishaɗin talaka ne da neman kuɗi, abin da ya kwana a can bai cancanci zama a zauren Carnegie ba.

YARON BIYENA A HOLIWUD

Abin mamaki shi ne, a cikin dukkan ma'aikatan Holiwud babu wanda ya kai Korngold asali a zauren kiɗa. An haife shi a 1897 a birnin Brno, ya tashi a Biyena, babban birnin Ostiriya, inda mahaifinsa Julius yake babban mai sharhin kiɗa a jarida. Yana ɗan shekara 9 Gustav Mahler ya saurari aikinsa ya shaida cewa yaron nan baiwa gare shi ta musamman. A 1910 aka nuna wasan rawa da ya tsara wa kiɗa a gidan opera na fadar Biyena, shekarunsa 13 kacal. A 1920 kuma wasansa na waƙa mai suna Die tote Stadt ya fito a biranen Hamburg da Kolon na Jamus a dare ɗaya, ya kuma zagaya manyan gidajen opera na duniya.

A 1934 ne Max Reinhardt ya gayyace shi Holiwud domin ya gyara kiɗan Mendelssohn ya dace da wani fim da aka ɗauko daga wasan Shakespeare. Kamfanin Warner Bros. ya ga abin da mutumin zai iya, ya riƙe shi. Da yake kamfanin ne ke neman sa, Korngold ya sami sharuɗɗan da sauran abokan aikinsa ba su samu ba: shi zai zaɓi fim ɗin da yake so, ba za a ɗora masa da yawa ba, sa'an nan yana da ikon sake amfani da kiɗansa yadda ya ga dama. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya haifi kwanceton biyolin. Shi dai bai taɓa ɗaukar aikin silima ƙaramin abu ba. Yakan ba kowane babban mutum a cikin labari takensa, ya riƙa juya taken nan gwargwadon halin da mai shi ya shiga, kamar yadda ake yi a opera.

Cinikin ma ta fuska biyu yake tafiya. A farkon 1938 aka kira shi daga Biyena domin ya yi wa fim ɗin The Adventures of Robin Hood kiɗa cikin gaggawa. Da lokaci ya ƙure masa sai ya koma ga wani tsohon kiɗansa na zaure mai suna Sursum Corda, wanda bai sami karɓuwa ba sa'ad da ya fito wajen 1920, ya ciro taken jarumi daga ciki. Abin da zaure ya ƙi, silima ta karɓa hannu biyu, har aka ba shi lambar Oska. Yana cikin wannan aiki ne, a watan Maris, sojojin Hitler suka shiga Ostiriya. Korngold Bayahude ne, aka ƙwace gidansa na Biyena. Daga baya yakan ce fim ɗin nan ne ya ceci ransa.

Tsawon shekarun Yaƙin Duniya na Biyu kusan ya ajiye rubuta kiɗan zaure, ya duƙufa a kan silima yana ciyar da iyalinsa. Sai a 1945, da yaƙi ya ƙare, ya ɗauko daftarin kwanceton da ya fara zanawa tun wajen 1937 ya kammala shi. Duk wanda ya saurari aikin da kunnen gaskiya zai ji cewa an yi masa ginin gaske. A cikin fim kari yakan zo ya wuce a ƙarƙashin maganar masoya. A cikin kwanceto kuwa sai da aka shimfiɗa shi, aka ba biyolin shi ya hau da shi sama, aka mai da shi ga ƙungiya, aka sa kari na biyu ya amsa masa, aka komo da na farko cikin wata kama. Kashin ƙarshe ya ɗauki taken yaran nan biyu na The Prince and the Pauper ya yi ta jujjuya shi cikin sauri mai wuyar bi, har sai a can ƙarshe ya fito sosai. Fim ɗin Another Dawn, duk da cewa Errol Flynn ne jaruminsa, yau sai masu tonon tarihi ke tuna shi. Karin da aka ciro daga cikinsa kuwa kusan babu wani shahararren mai biyolin na wannan zamani da bai kaɗa shi ba.

Korngold bai tsaya nan ba. A fim ɗin Deception na 1946, labarin ya ƙunshi wani mai tsara kiɗa da wani makaɗin calo, watau babban gogen nan da ake kafawa a ƙasa, don haka dole aka rubuta ɗan guntun kwanceto da za a kaɗa a cikin labarin. Ya faɗaɗa shi ya zama kwanceton calo mai zaman kansa. A simfoninsa guda ɗaya tilo, wanda ya kammala a 1952, kashi mai nauyi na makoki ya tsiro ne daga wani kari na fim ɗin The Private Lives of Elizabeth and Essex na 1939. Amma Biyena da ya koma bayan yaƙi ta riga ta juya masa baya, masu faɗa a ji sun koma ga wani sabon salo, suna kallonsa a matsayin mutumin da ya sayar da baiwarsa ga Holiwud. Ya rasu a 1957 yana da shekara 60, yana ganin an manta da shi. Sai a 1972 al'amari ya juya: wani faifai na kiɗan finafinansa da Charles Gerhardt ya jagoranta, ɗansa George Korngold ya shirya, ya yi kasuwa ƙwarai, a shekarar kuma Rudolf Kempe ya kaɗa simfonin a zauren kiɗa na birnin Munich.

HAFSAN DA BABU SHI, DA YAƘI A KAN ƘANƘARA

A Tarayyar Sobiyet ba a raina silima kamar yadda masu sharhin Niyok suka raina ta ba, domin gwamnati da kanta ta ɗauke ta babbar hanyar wayar da kan jama'a. Amma can ma kiɗa yana bukatar mafita, kuma Sergei Prokofiev ya nuna yadda ake yi.

Fim ɗinsa na farko, Lieutenant Kijé na 1934, labari ne da zai ba duk ma'aikacin ofis dariya. A zamanin Sarki Paul na Ɗaya wani akawu ya yi tuntuɓen alƙalami, kuskuren ya haifar da sunan wani hafsa wanda babu shi a duniya. Sarki ya ga sunan, ba kuwa mai ƙarfin halin gaya masa gaskiya. Haka fadawa suka yi ta raya hafsan nan a takarda, aka hore shi, aka yafe masa, aka yi masa aure, aka ƙara masa girma, da sarki ya nemi ganinsa sai aka ce ya rasu, aka yi jana'izar akwatin da ba kowa a ciki. Prokofiev ya tattara guntayen kiɗan ya mai da su jerin kashi biyar, tun daga haihuwar hafsan har zuwa binne shi. Ya faɗa daga baya cewa wannan aiki ya fi rubuta kiɗan fim ɗin kansa ba shi wahala, domin sai da ya nemo wa abin siffa, ya sake rarraba sautin ga makaɗa, ya haɗa wasu karin wuri ɗaya. Wannan shaida ta mai sana'a ta isa amsa ga masu cewa lalaci ne.

Babban aikin kuwa shi ne Alexander Nevsky, wanda Sergei Eisenstein ya shirya a 1938. Labarin wani yarima ne na Rasha da ya karya mayaƙan Jamus a kan tafkin da ya daskare a shekarar 1242, kuma kowa ya san da Jamus ta Hitler ake. Mutanen biyu sun yi aiki kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci kiɗa ya bi hoto, wani lokaci a yanka hoto ya bi kiɗa. Sai dai na'urorin ɗaukar sauti na Mosko a lokacin ba su da kyau, kiɗan ya fito a shaƙe kamar daga cikin tulu. Prokofiev bai ɓata lokaci ba, ya sake gina shi ya zama kantata, watau kiɗa na ƙungiyar makaɗa da taron mawaƙa, mai kashi bakwai, tsawonsa wajen minti 40. Shi da kansa ya jagoranci kaɗa shi a Mosko ran 17 ga watan Mayu na 1939.

Bayan wata uku, ran 23 ga Agusta, Stalin ya ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Hitler. Fim ɗin da ke zagin Jamusawa ya zama abin kunya ga gwamnati, aka janye shi daga gidajen silima. Bai komo ba sai da Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yuni na 1941. Fim abu ne guda, hukuma tana iya kulle shi a ɗaki da umarni ɗaya. Kantata kuwa takarda ce da ake bugawa a aika ko'ina, kowace ƙungiya ta kaɗa ta a garinta. Har yau ana sauraron kashin yaƙin kan ƙanƙara, da waƙar makokin da mace guda ke rerawa a filin matattu, a zauren kiɗa.

DATTIJO DA ƘUREWAR KUDU

A Ingila labarin Ralph Vaughan Williams ne ya fi jan hankali, domin shi bai shiga aikin silima ba sai da ya kusa shekara 70. A 1948 kamfanin Ealing ya fito da Scott of the Antarctic, labarin Kyaftin Robert Scott da abokan tafiyarsa huɗu, waɗanda suka isa ƙurewar duniya ta kudu a watan Janairu na 1912, suka tarar Roald Amundsen na ƙasar Nowe ya riga su, sa'an nan dukkansu suka mutu a hanyar komowa. Labarin ya kama dattijon ƙwarai, har ya rubuta yawancin kiɗan tun bai ga hotunan ba. Ya rubuta fiye da abin da fim ke bukata, aka yi amfani da wani, aka bar wani mai yawa.

Daga wannan tari ne ya gina simfoninsa na bakwai, Sinfonia Antartica, mai kashi biyar, wanda ƙungiyar Hallé ta fara kaɗawa a birnin Mancesta a watan Janairu na 1953, a ƙarƙashin John Barbirolli. Shekarun mai shi 80 a lokacin. Ya sa muryar mace da taron mata suna rerawa ba kalma ko ɗaya, ya sa babban ogan irin na coci domin ya nuna tsayin dutsen ƙanƙara, har da wata na'ura mai kwaikwayon kukan iska. Masu sharhi sun daɗe suna gardama ko wannan simfoni ne na gaskiya ko kuwa jerin hotuna ne da aka zana da sauti, kuma gardamar tana da tushe, domin akwai wuraren da mai sauraro kan ji kamar ana nuna masa wani abu da ba ya gani. Amma akwai abin da simfonin ya faɗa wanda fim bai faɗa ba. Fim ɗin yabon jarumtar Ingilishi yake yi. Simfonin kuwa bai ƙare da kiɗan nasara ba, murya da iska ne suka rage, suka yi ta raguwa har suka ɓace, ƙanƙara ta ci mutum.

Ba kowane irin wannan aiki ne ya yi nasara ba. An sha ɗinke guntayen kiɗan fim a jere, a ba su babban suna, a sayar wa masu son fim ɗin, alhali in aka cire hoto ba abin da ya rage sai ƙara. Ma'aunin dai guda ne: mutumin da bai taɓa jin labarin fim ɗin ba, zai iya zama ya saurara har ƙarshe?

MASU BA DA LAMBA SUN SHIGA RUƊU

Miklós Rózsa, ɗan ƙasar Hangari wanda ya ci lambar Oska sau uku, ciki har da ta Ben-Hur na 1959, ya yi ƙoƙarin raba gidajen biyu da katanga. A yarjejeniyarsa da MGM ya sa sharaɗin a riƙa sakinsa watannin bazara domin ya rubuta kiɗan zaure, ya kuma sa wa tarihin rayuwarsa suna Double Life, watau rayuwa biyu. A irin wannan hutu ne ya rubuta kwanceton biyolin wanda Heifetz, shi dai ɗin nan, ya fara kaɗawa a birnin Dallas a watan Janairu na 1956. Amma katangar ba ta tsaya ba. Billy Wilder, mai shirya finafinai, ya ƙaunaci kwanceton, da ya tashi yin fim a kan ɗan binciken nan Sherlock Holmes, wanda a labari ma mai son goga biyolin ne, sai ya roƙi Rózsa ya mai da shi kiɗan fim. Aka yi haka a The Private Life of Sherlock Holmes na 1970.

Irin wannan kai da komo ya jefa masu ba da lambar Oska cikin ruɗu, domin lambar tasu ta sabon kiɗa ce. A 1973 an sa sunan Nino Rota na Italiya cikin 'yan takara saboda kiɗan The Godfather, sai aka gano cewa shahararren karin soyayyar nan ya riga ya yi amfani da shi a wani fim na barkwanci mai suna Fortunella a 1958. A can da sauri aka kaɗa shi cikin raha, a nan kuwa a hankali cikin baƙin ciki, har ya zama kamar wani abu dabam, amma duk da haka aka cire sunansa. Lambar shekarar kuwa ta tafi ga Limelight na Charlie Chaplin, fim ɗin da aka yi tun 1952, wanda ya shiga takara don kawai ba a nuna shi a Los Angeles ba sai 1972. Bayan shekara biyu aka ba Rota lambar tare da Carmine Coppola saboda kashi na biyu na The Godfather, wanda ke ɗauke da karin kashi na farko a ko'ina. Rota dai bai taɓa damuwa da iyakar nan ba. Wani tsohon simfoninsa ya shiga fim ɗin The Leopard na 1963, kiɗan La Strada na 1954 kuma ya zama wasan rawa a gidan opera na La Scala a 1966.

Dokar ta sake cizo a 2008, sa'ad da aka hana Jonny Greenwood shiga takara da kiɗan There Will Be Blood, saboda wani ɓangare nasa ya fito daga ayyukansa na baya, ciki har da wanda ya rubuta wa wata ƙungiyar makaɗa ta BBC.

John Corigliano na Amurka shi ne ya bi ta tsakiya ya wuce lafiya. Fim ɗin The Red Violin labarin wani biyolin ne da ya yi ta sauya hannu tsawon ƙarni uku, kuma da yake dole yatsun 'yan wasa su dace da sautin da ake ji, sai da aka rubuta wani sashe na kiɗan kafin a fara ɗaukar hoto. Daga wannan kayan Corigliano ya tsara wani kiɗa na biyolin da ƙungiya, Joshua Bell ya kaɗa shi a birnin San Francisco a 1997, tun fim bai fito ba. Fim ya fito a 1998, aka ba Corigliano lambar Oska a shekarar 2000. A 2003 kuma ya ƙara wa wancan kiɗa kashi uku ya zama cikakken kwanceto, Bell ɗin nan ne ya fara kaɗa shi a birnin Baltimore.